Su wane ne suka ba Mickey, Donald, Popeye da Bugs Bunny murya, kuma yaya aka yi aikin?

Tambaya: Wani mai karatu ya ce tun yana yaro yake kallon tsofaffin katun irin su Mickey Mouse, Donald Duck, Popeye, Bugs Bunny da Tom and Jerry, amma bai taɓa sanin masu maganar ba. Yana son ya san su wane ne, ko muryarsu ce ta ainihi ko inji ne ya sauya ta, da kuma dalilin da ya sa ba a cika ganin sunayensu a farkon fim ba.

Amsa: Malam, mutane ne, kuma ba su da yawa. Waɗanda suka riƙe manyan muryoyin katun na Amurka daga 1928 zuwa wajen 1960 'yan kaɗan ne ƙwarai, har mutum ɗaya kan ɗauki dabbobi goma ko fiye. Batun inji kuwa, amsar ta rabu biyu. Wasu muryoyin an ƙara musu sauri bayan an ɗauka, wasu kuma haka suka fito daga bakin mai su. Wadda ta fi kama da aikin inji, wato ta Donald, tana cikin waɗanda baki ne kawai ya yi su. Sai dai ba za ka fahimci mutanen nan ba sai ka san kayan aikin da suka tsaya a gabansu, domin kusan duk wata ɗabi'a da ka sani a muryoyin, daga in'inar Porky zuwa gunagunin Popeye, akwai hannun yadda ake ɗaukar sauti a wancan zamani a cikinta.

A farko babu wata sana'a mai suna sanya murya a katun. Lokacin da aka fara nuna Steamboat Willie a New York ranar 18 ga Nuwamba, 1928, Walt Disney da kansa ne ya yi 'yan ƙananan koke-koken da ke ciki, kuma shi ya ci gaba da ƙanƙance murya yana yin Mickey har zuwa 1947. Wahalar da suka sha a wannan fim ba ta murya ba ce, ta daidaita kiɗa da motsi ce. Ɗaukar farko ta lalace saboda makaɗan sun kasa tafiya daidai da hoton, sai da aka sa musu wata alama mai tsalle a jikin fim ɗin wadda suke bi kafin ta biyu ta yi kyau. Wadda ta riƙe muryar Minnie a shekarun 1930, Marcellite Garner, ma'aikaciya ce a sashen da ake bin zane da tawada ana shafa masa launi. Wanda ya karɓi Mickey daga hannun Disney, Jimmy MacDonald, haifaffen Ingila ne kuma makaɗin ganga, shi ne shugaban sashen ƙirƙirar sautuka irin na ruwan sama, jirgin ƙasa da ƙarar ƙofa. Ya yi Mickey kusan shekara 30 kafin ya miƙa wa yaronsa na wurin aiki, Wayne Allwine, a 1977. Pinto Colvig, mai dariyar Goofy da aka fara ji a 1932 kuma mai haushin Pluto, ya taɓa zama ɗan barkwanci a ayarin masu wasan nishaɗi da ke yawo gari-gari, kuma a kamfanin Disney a sashen tsara labari yake. Ka ga ke nan yadda abin yake: ana buƙatar murya, sai a leƙa ofis na gaba a kira wanda aka san yana ba mutane dariya.

Yanzu ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Fim mai sauti yana tafiya da hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Kowane hoto ɗaya a jikin zaren fim bari mu kira shi gida. A zare mai faɗin milimita 35, ƙafa ɗaya tana da gida 16, minti ɗaya kuma ƙafa 90 ne. Katun mai minti 7 ke nan ƙafa 630 ne, gida 10,080. Ba kowane gida ake yi wa sabon zane ba. Sau da yawa zane ɗaya yana zama a gida biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, amma idan motsin mai sauri ne sai a yi wa kowane gida nasa. Duk da haka aikin yana da nauyi, mai zane ɗaya da wuya ya wuce rabin minti na fim a mako guda. Wannan ne ya sa tambayar wanne za a fara yi, murya ko zane, ta zama babbar magana.

A kamfanonin Disney da Warner da MGM a Kalifoniya, murya ake fara ɗauka. Darakta ya zaɓi ɗaukar da ta yi masa, sai a miƙa zaren sautin ga mai karanta sauti. Wannan mutum yana jan zaren da hannu a kan na'urar saurare, gaba da baya, a hankali, yana gano a wane gida kowane harafi ya fara kuma a wane gida ya ƙare, yana rubutawa a wata doguwar takarda mai layuka, layi ɗaya gida ɗaya. Ɗauki kalmar baba a matsayin misali. Zai iya rubuta cewa leɓɓa sun rufe a gida na 1 da na 2, baki ya buɗe daga na 3 zuwa na 8, ya sake rufewa a na 9 da na 10, sannan ya buɗe zuwa na 16. Da wannan takarda mai zane yake aiki. Haruffan da suka fi muhimmanci su ne waɗanda leɓe ke haɗuwa a kansu, wato m, b da p, domin su ido ke kamawa. Idan aka ba rufewar bakin gida ɗaya kacal, ido ba ya ganinta, sai ya zama kamar bakin yana lilo kawai, shi ya sa ake ba ta aƙalla gida biyu. Masu zane da yawa kuma suna sa siffar bakin ta riga sautin da gida ɗaya ko biyu, saboda idan hoto ya zo a bayan sauti ko da kaɗan ne mai kallo yana jin wani abu bai zauna ba, amma idan ya ɗan riga shi ba ya lura.

Amfanin wannan hanya ya wuce daidaita baki. Mai zane yana sauraron muryar sau da yawa kafin ya ɗora fensir, yana jin inda mai maganar ya ja numfashi, inda ya danne kalma, inda ya yi shiru. Daga nan yake ɗauko ɗaga gira da karkata kai da jefa hannu. A wannan tsari mai murya shi ne ɗan wasan farko, mai zane yana bin sawunsa.

Kamfanin 'yan'uwan nan Max da Dave Fleischer a New York, masu Betty Boop da Popeye, a mafi yawan shekarun 1930 akasin haka suke yi. Sai an gama zane, sannan masu murya su tsaya gaban majigi suna kallo suna magana a kai. Duk wanda ya san yadda ake ɗora Hausa a kan fina-finan Indiya ya san wannan aiki da matsalarsa: baki ya riga ya motsa, dole ka cusa maganarka a cikin lokacin da ya bar maka. Daidaiton baki a katun ɗin Fleischer bai kai na Disney ba, amma hanyar ta haifar da abin da ya fi komai daɗi a tsofaffin Popeye. Akwai wurare da yawa da bakinsa ke rufe yana tafiya ko yana kallon abokin faɗa, babu magana a rubuce, sai mai muryar ya cike wurin da gunaguni ƙasa-ƙasa, yana sakin barkwancin da ya zo masa a take. Mai wannan gunaguni shi ne Jack Mercer. Ba shi ya fara Popeye ba, William Costello ne ya fara a 1933, aka sallame shi bayan shekara biyu. Mercer a lokacin ƙaramin mai zane ne a kamfanin, cikin masu cike zanen da ke tsakanin manyan motsi, aka ji yana kwaikwayon muryar, aka gwada shi a 1935, kuma ya riƙe ta har ya rasu a 1984. Idan kana kallon Popeye na wancan lokaci, ka sa ido a kan bakin: duk maganar da ka ji alhali leɓɓa ba su motsa ba, yawanci ba ta cikin rubutaccen labari. A ganina nan ne Popeye ya tashi daga ƙaton ma'aikacin jirgin ruwa mai cin alayyafo ya zama mutum mai hali nasa.

Abokiyar aikinsa Mae Questel ita ce ta fi shahara da Betty Boop daga 1931, kodayake Margie Hines ce ta fara muryar a 1930. Questel ce kuma Olive Oyl. Da kamfanin ya koma Miami a 1938 ta ƙi barin New York, sai Hines ta karɓi Olive, har Questel ta dawo a 1944. Shi ya sa za ka ji muryar Olive ta bambanta a fina-finan waɗannan shekaru.

Sai maganar na'urar ɗauka, wadda ita ce ta yi sanadin shigowar mutumin da ya fi kowa suna a wannan fage. Kafin zuwan zaren maganaɗisu irin na kaset, wanda bai kama ƙasa a masana'antar fim ba sai ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950, a kan zaren fim ake ɗaukar sauti. Murya ta shiga makirufo ta zama lantarki, lantarkin ya girgiza wani ɗan haske, hasken ya zana siririn layi mai lanƙwasa a gefen zaren. Ba a gogewa, ba a sake amfani da shi, kuma sai an wanke shi kamar hoto kafin a ji abin da ke kansa. Kowace tuntuɓen harshe kuɗi ce ta tafi. Porky Pig ya fito a 1935 da muryar Joe Dougherty, wanda in'inarsa ta gaske ce. Matsalar ita ce ba shi da iko a kanta. Jimlar da aka ware wa daƙiƙa 3 sai ta ci 10, ko ta ƙi fita gaba ɗaya, zare yana ta gudu. A 1937 aka ba Mel Blanc muryar. Shi in'inar tasa ƙirƙira ce, don haka yana iya auna ta: ya kama harafin farko ya maimaita shi sau uku ko huɗu, ya nuna kamar ya kasa, sai ya watsar da kalmar ya ɗauko wata mai ma'ana ɗaya ya faɗe ta sumul. Wannan sauya kalma shi ne ainihin abin dariyar, kuma yana iya maimaita shi daidai a ɗauka ta biyu da ta uku, wanda shi ne abin da darakta da mai karanta sauti suke bukata.

Blanc, wanda aka haifa a San Francisco a 1908, ɗan rediyo ne, kuma wannan ya bambanta shi da mutanen Disney na farko. A rediyo ba a ganin fuska, murya ce kaɗai za ta nuna shekarun mutum, garinsu da halinsa. Da wannan horo ya zo. A fim ɗin da ya karɓi Porky a 1937 ne Daffy Duck ya fara fitowa. A 1940 ya yi Bugs Bunny a A Wild Hare na darakta Tex Avery, inda ya haɗa karin harshen unguwanni biyu na New York, Brooklyn da Bronx, don zomon ya fito a ɗan birni mai wayo wanda ba ya razana. Daga baya ya tara Tweety, Sylvester, Yosemite Sam, Foghorn Leghorn, Speedy Gonzales da wasu da dama.

A nan ne inji ya shigo. Ka san yadda murya ke sirancewa idan kaset ya yi gudu fiye da ƙa'ida, to wannan suke yi da gangan. A rage gudun na'urar a lokacin ɗauka, a kunna a gudun da aka saba, sai murya ta hau sama kuma ta gajarce. Lissafinsa a fili yake. Ƙarin sauri na kashi 6 cikin 100 yana ɗaga murya da mataki ɗaya na piyano, daga maɓalli zuwa na kusa da shi. Idan aka ƙara kashi 20, maganar daƙiƙa 10 da take gida 240 za ta koma gida 200. Idan aka ninka saurin biyu, ta koma gida 120, kuma muryar ta zama irin ta Alvin da 'yan'uwansa kuregu, waɗanda Ross Bagdasarian ya ƙirƙira a 1958 ta hanyar ɗaukar muryarsa a rabin gudu. Saboda tsawon magana yana sauyawa, dole a ƙara saurin kafin a miƙa wa mai karanta sauti. In aka juya tsarin, duk lissafin bakin ya rushe.

Muryoyin Porky, Daffy, Tweety da Speedy duk an ƙara musu sauri, haka ma na Chip da Dale a Disney. Bugs da Sylvester kusan yadda suka fito daga bakin Blanc suke. Hasali ma Daffy da Sylvester tushensu ɗaya, tsamin baki ne mai feshin miyau, harshe a tsakanin haƙora, sai dai ɗaya an ɗaga shi ɗaya an bar shi. Abubuwan da ke lalacewa a wannan dabara sanannu ne. Baƙaƙe suna gajarcewa su cuɗe da juna, don haka mai murya dole ya ja magana a hankali ya fitar da kowane harafi fiye da kima. Numfashi yana zama kamar haki. Rawar murya a waƙa tana ƙaruwa har ta yi kama da kukan akuya. Sannan ba tsayin murya kaɗai ke hawa ba, har amon da girman baki da maƙogwaro ke bayarwa yana hawa, shi ya sa muryar take fitowa kamar daga ƙaramin jiki. Ga ɗan tsuntsu wannan alheri ne, amma ga ƙaton zakara kamar Foghorn Leghorn zai kashe shi. Kuma idan mai sauri da marar sauri suna hira a fage ɗaya, ba za a ɗauke su tare ba. Blanc yakan yi maganganun ɗayansu duka, sannan ya koma ya yi na ɗayan, mai haɗa sauti ya yanka ya jera su.

Donald kuwa labarinsa daban. Clarence Nash, ɗan jihar Oklahoma, yana yi wa wani kamfanin madara talla ne a Los Angeles, yana zagaya makarantu yana kwaikwayon kukan tsuntsaye da dabbobi. Muryar da ta zama ta Donald ya samo ta ne tun yana yaro wajen kwaikwayon kukan wata 'yar akuyarsa. Disney ya ji ta ya ce ta agwagwa ce, Donald ya fito a The Wise Little Hen a 1934, kuma Nash ya riƙe shi har rasuwarsa a 1985, shekara 51. Sirrin ita ce sautin ba daga maƙogwaro yake tasowa ba. Ana tara iska a gefen baki, tsakanin kunci da haƙoran sama, a matse ta da harshe da naman kunci ta fita ta ƙaramar kafa tana karkarwa, sannan leɓɓa da sauran harshen su yi ƙoƙarin mayar da ƙarar kalmomi. Tunda harshen yana riƙe da iska, ba shi da sukunin furta haruffa da kyau, shi ya sa ba a cika gane maganar Donald ba, har ga waɗanda Turanci ne harshensu. Marubutan sun san haka, sai suke ba shi gajerun kalmomi da jimlolin da ya saba maimaitawa, su bar fushi da tsalle su faɗi sauran. Da aka zo fassara fina-finan zuwa harsunan Sifaniya, Fotugal da Faransa, samun mai irin wannan baki ya yi wuya, sai aka riƙa rubuta wa Nash kalmomin yadda ake furta su, shi ya yi da kansa. Kafin ya rasu ya koyar da wani matashin mai zane, Tony Anselmo, wanda ya gaje shi.

Akwai ƙananan matsalolin ɗakin ɗauka da suka cancanci a ambata. Karas na Bugs na gaske ne, domin sun gwada wasu abubuwa ba su ba da irin ƙarar ba. Amma mutum ba zai tauna karas ya haɗiye sannan ya yi magana nan take da baki fes ba, don haka Blanc yakan gatsa, ya tauna, ya tofar a bokiti, sannan ya ci gaba. Ihu kuma yana da haɗari ta fuska biyu. Makirufo ɗin da aka fi amfani da shi a lokacin yana da siririn zaren alminiyam a ciki wanda iska mai ƙarfi ke iya lanƙwasawa, kuma layin hasken da ke kan fim yana da iyakar faɗi, idan sauti ya wuce ta sai ya fashe. Mai ihu dole ya ja baya ko ya kauda baki gefe. Ta fuskar jiki kuma, muryar Yosemite Sam, wadda kusan duka ihu ce, tana disar da maƙogwaro, shi ya sa Blanc yake barin ta sai ƙarshen aikin yini. Da tsufa ya zo, a Who Framed Roger Rabbit na 1988, ya yi Bugs da Daffy da sauransu amma Joe Alaskey ne ya yi Sam.

Tom and Jerry da ka ambata ba sa magana sai nadiran, kiɗan Scott Bradley ne ke ɗauke da labarin a kusan duka fina-finai 114 da William Hanna da Joseph Barbera suka yi wa MGM daga 1940 zuwa 1958. Ihun nan na Tom idan an danne masa wutsiya, Hanna ne da kansa. An ɗauki ihun, aka yanke farkonsa inda murya ke hawa da ƙarshensa inda take sauka, aka bar tsakiyar kawai. Shi ya sa yake faɗo maka a kunne gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Matar gidan da ake ganin ƙafafunta kawai tana yi wa Tom faɗa kuwa, Lillian Randolph ce, baƙar fata 'yar wasan rediyo, daga 1940 zuwa 1952. An zana matar a kan tsohuwar siffar raini da ake yi wa baƙaƙen mata masu aikin gida, ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata suka yi ƙorafi, aka daina fito da ita. Daga baya an sake ɗora wasu muryoyi a kan nata a kwafin talabijin, don haka wadda ka ji ba lallai ta zama Randolph ba.

Game da sunaye, gaskiyar ba ta da daɗi. Kamfanoni sun ɗauki murya a matsayin ƙaramin aikin yini, a biya ka ka tafi, kuma suna son mai kallo ya yarda cewa zanen ne ke magana. Adriana Caselotti, wadda ta yi magana da waƙar Snow White a fim ɗin 1937, dala 970 aka biya ta gaba ɗaya, kuma babu sunanta a jikin fim ɗin, haka ma Lucille La Verne da ta yi sarauniya da tsohuwar mayya, da Colvig da ya yi biyu daga cikin wadanni bakwai na fim ɗin. Blanc yana cikin waɗanda suka fara fasa wannan ƙofa. Kamar yadda ya sha faɗa, ya nemi ƙarin albashi wajen Leon Schlesinger, mai kamfanin da ke yi wa Warner katun, aka hana shi, sai ya nemi a sa sunansa, kuma daga 1944 sunan ya fara fitowa. Wannan ya buɗe masa ƙofofin rediyo, amma ya rufe wasu. Shekaru da yawa sunansa ne kaɗai ke fitowa a katun ɗin Warner, har jama'a suka ɗauka shi ke yin kowa. Ba haka ba ne. Elmer Fudd, maharbin da ke bin Bugs, Arthur Q. Bryan ne daga 1940 har ya rasu a 1959, kuma rabin daɗin faɗan Bugs da Elmer nasa ne. Tsohuwar da ke riƙon Tweety, Bea Benaderet ce, sannan June Foray daga 1955. Stan Freberg ma ya yi muryoyi da dama ba suna. Wannan rashin adalci ne da ya kamata duk mai son waɗannan fina-finai ya sani, domin mutanen sun yi aiki na ƙwarai.

Ko mallakar muryar ma ba ta hannun mai ita. Blanc ne ya fara Woody Woodpecker a 1940 ya kuma ƙirƙiri dariyar nan tasa. Da ya sa hannu a yarjejeniyar yi wa Warner kaɗai aiki ya bar Woody, amma kamfanin Walter Lantz ya ci gaba da amfani da dariyar da aka riga aka ɗauka. Ya kai ƙara bai yi nasara ba, daga baya suka sasanta a wajen kotu. Daga 1950 matar Lantz, Grace Stafford, ta karɓi Woody, ta kuma yi shekaru ba ta yarda a sa sunanta ba don kada yara su ji cewa mace ce. Mawaƙiya Helen Kane ma ta kai Fleischer da Paramount ƙara a 1932 tana neman dala 250,000, cewa salon waƙarta da muryarta aka kwafa aka yi Betty Boop. Questel kuwa ta shigo harkar ne bayan ta ci gasar kwaikwayon Kane ɗin. Duk da haka a 1934 alƙali ya kori ƙarar, bayan lauyoyin kamfanin sun kawo hujjar cewa wata yarinya baƙar fata mai waƙa, Baby Esther, ta riga Kane yin irin salon.

Darajar masu murya ta tashi ne sosai da zuwan talabijin. MGM ta rufe sashen katun a 1957, Hanna da Barbera suka koma yi wa talabijin aiki da kuɗin da bai kai dala 3,000 ba a kan minti 5, alhali Tom and Jerry ɗaya yana cin dubun-dubatar daloli. Sai aka rage zane: jiki ya tsaya cak, baki da ido kaɗai ke motsi, ana juya 'yan siffofin baki kaɗan. Tunda zane ya daina wasa, nauyin ya koma kan murya. Daws Butler ya ɗauki Huckleberry Hound, Yogi Bear da Snagglepuss, Don Messick ya ɗauki Boo Boo, sannan Scooby-Doo a 1969, kuma su biyun kan cike shiri guda su kaɗai. A The Flintstones na 1960 ana tara 'yan wasan a ɗaki ɗaya kamar wasan kwaikwayon rediyo, Alan Reed a Fred, Jean Vander Pyl a Wilma, Benaderet a Betty, Blanc a Barney. Da Blanc ya yi mummunan haɗarin mota a Los Angeles a Janairun 1961 ya yi kusan mako biyu a doguwar suma, Butler ya riƙe masa Barney na 'yan shirye-shirye, sannan aka kai kayan ɗauka har gefen gadonsa, aka rataya makirufo a samansa, sauran 'yan wasan suka kewaye shi aka ci gaba da aiki. Bayan rasuwarsa a 1989, Warner ta rarraba muryoyinsa a tsakanin mutane da dama, cikinsu akwai Jeff Bergman, Joe Alaskey da Bob Bergen, wanda ya ɗauki Porky.